Izun da Ban Karanta Ba

Na yi laifi, kuma ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Ranar da aka yi wa mahaifiyar abokina sauka, an ba ni izu guda in karanta mata. Ban karanta ba. Da aka tambaye ni, na buɗe baki a gaban mutane na ce na gama. Wannan laifin nawa ne, na ɗauke shi ban rage komai ba.

Amma tun da maganar ta zaga unguwa, kowa ya samo nasa kayan yana so ya ɗora mini a kai. Wai dama ƙarshen mai karanta littattafan labari ke nan. Wai mutum da iyali, furfura ta fara fito masa a gemu, yana zaune yana bin tatsuniya a waya. Wai kallon fim ne ya cinye masa hankali. Waɗannan ban karɓa ba, kuma ba zan karɓa ba. Littafi bai buɗe mini baki ba, ni na buɗe da kaina.

Ni mai faci ne. Rumfata tana bakin titin da ya ratsa unguwar Kanvili, ƙarƙashin wata darbejiya, da injin iska, da kwanon ruwan neman huji, da benci guda wanda dutse ne ƙafarsa ɗaya. Wanda ya san Tamale ya san ba a rasa taya a garin nan. Malamin makaranta a kan babur, nas a kan babur, tsohuwa da kwandon tumatir a kan babur, ga 'yan yalo-yalo, masu babur mai ƙafa uku. Duk da haka rabin sana'ar faci jira ne, don ƙusa ba ta sa rana. Sai ka zauna tun hantsi ba wanda ya turo maka ko keke, can kuma su taso maka a tare kowa yana sauri. Abin da mutum zai yi da wannan jiran nasa ne. Maƙwabcina mai walda barci yake yi. Samarin da ke tsallaken titi suna dafa shayin ataya suna gardamar ƙwallon Turai, a kan ƙungiyoyin da ba su san akwai wani gari Tamale ba, har a kai ga zagin iyaye. Ba wanda ya taɓa ce musu suna ɓata lokaci. Ni da na yi shiru da littafi a hannu, ni ne abin magana.

Ban yi nisa a boko ba. Na gama ƙaramar sakandare na tsaya, don ba hali. Makarantar allo kuwa na yi iya gwargwado, ina karanta Littafin Allah ba a cika gyara mini ba, kuma wannan ya ƙara wa laifina nauyi, don ba zan ce ban iya ba. Son karatu ba a aji na same shi ba. A gaban kaskon ƙosai na same shi, a unguwar Moshi Zongo, wurin matar da duk muke ce wa Mma.

Mma ita ce mahaifiyar abokin nan nawa. Katanga ɗaya ta raba gidansu da namu. Koko da ƙosai take sayarwa da safe, tana naɗe ƙosan a takarda: tsohuwar jarida, littafin makarantar da aka yar, duk abin da ta samu. Ni kuma in na cinye ƙosan sai in shimfiɗa takardar a cinya in karanta. Mai ya jiƙa ta har rubutun baya yana leƙowa ta gaba. Kullum rabin labari nake samu. Wani ya shiga jirgi, ban san inda ya sauka ba. An kama ɓarawo, ban san me ya sata ba. Ina jin wannan yunwar ce ba ta sake ni ba har yau.

Wata safiya ta tsayar da matsamin ƙosan a sama, ta dube ni.

"Kai, ƙosan kake zuwa wa ko takardar?"

Na ce, "Duka, Mma."

"To takardar ma ba kyauta ba ce. Gaya mini abin da ta ce."

Daga ranar ta riƙa ware mini shafuka a jere, ba ta yaga su. Ita ba ta iya karatun boko ba, amma in na ba ta labari ban kai ƙarshe ba sai ta hana ni koko har sai na ƙarasa, ko da ƙirƙira zan yi. Kuma tana ganewa in na ƙirƙira. Sai ta ce, "Wannan bakinka ne, ba bakin takarda ba."

Ita ta fara sa mini littafin Hausa a hannu. Wani direban babbar mota ne ya ba ta shi cikin takardun naɗe ƙosai, ba bango, ba shafin farko. Na buɗe ina zaton Turanci ne, sai na ji bakina yana furta maganar da muke yi a gida. A makaranta Turanci aka koya mana da Dagbanci. Ba wanda ya taɓa gaya mini harshen da uwata ke yi mini faɗa da shi ana rubuta shi da haruffan nan, har a yi littafi guda. Na zauna a kan turminta na karanta har kokona ya yi fata. Ta ce, "Wannan ba na ƙosai ba ne. Tafi da shi."

Fim ma tare muka koya. Da ta samu ƙaramar talabijin ta ajiye a barandarta, finafinan Indiya take so, kuma ba ta jiran fassara. Tana tsince wake tana ba mutanen cikin fim shawara. "Kar ki buɗe masa, 'yata. Ba ki ga idonsa ba?" In yarinyar ta buɗe ƙofar, sai ta juyo gare ni kamar ni na sa ta. Na girma, na yi aure, na koma Kanvili, amma ran Juma'a bayan la'asar ƙafata tana kai ni barandar nan.

Ɗanta, abokina, bai taɓa shiga wannan harka tamu ba. Shi mutum ne na abin da hannu zai taɓa. Siminti da kwanon rufi yake sayarwa, ya yi gida a unguwar Vittin, ya roƙi Mma ta koma can ta ƙi. "Masa" muke kiran juna, kamar a ce abokina. In ya same ni da littafi sai ya ce, "Masa, ka dai san duk ƙarya ce, ko?" In ce na sani. Ya ce, "To me kake nema a ciki?" In ce abin da yake nema a shayi, tunda shi ma ba abinci ba ne. Mu yi dariya. Amma in tayarsa ta sace, ko a ina take, zai wuce masu faci nawa ya turo babur ɗin har rumfata. Irin abotarmu ke nan.

Yanzu littafin takarda ya yi wuya. In na samu guda ina shinshina shi kafin in buɗe, kuma in na kusa ƙarshe sai in riƙa jan ƙafa, in tashi in share rumfar da ba ta yi datti ba, don kada ya ƙare. Amma yawanci a waya nake karatu. Akwai masu rubuta labari babi-babi suna sakawa a zauren masu karatu na waya, mu kuma muna jira kamar masu jiran ruwan famfo. A lokacin da nake ba da labari ina bin wani dogon labari na wa da ƙane da suka daina magana a kan gona. Wan ya kwanta ciwo, an aika wa ƙanen, ya hau mota. A nan marubuciyar ta tsaya, ta yi shiru makonni, aka ce haihuwa ta yi. Muka bar mutumin a cikin mota muna ta jira. Matata ma tana jira, don ni nake ba ta labarin in tana tuƙa tuwo.

Cikin wannan jiran Mma ta rasu. Ba ta yi doguwar jinya ba. Abokina yana Kumasi sayen kaya, aka buga masa waya ya kamo hanya, amma ba a ajiye gawa don mai tafiya. Kafin ya iso mun dawo daga maƙabarta. Ni na shiga cikin masu ɗaukar makara. Na zuba ƙasa da hannuna, na dawo na zauna, idona a bushe kamar ba ni ba. Na yi ta mamakin kaina.

Da ya iso bai yi kuka a gaban mutane ba. Abu ɗaya ya riƙe: ranar addu'ar uku za a yi mata sauka cikakkiya. Bai ga fuskarta ba, bai yi mata salla ba, bai sa ta a kabari ba. Wannan kaɗai ya rage masa ya yi mata, kuma ya tsaya a kai da dukan ƙarfinsa.

Aka kafa rumfuna a ƙofar gida, aka jera kujerun roba, aka shimfiɗa tabarmi a gaba don masu karatu. Afa, wato malamin masallacin unguwar, ya zo da akwatin da ake ajiye ƙananan littattafan sauka, kowane izu da nasa. Yadda ake yi, a raba wa mutane, kowa ya karanta rabonsa a lokaci guda, in an gama a haɗa a ce an sauke, a roƙi Allah ya kai ladan ga mamaci. Da Afa ya buɗe akwatin sai aka ga babu wasu. Ruwa ya taɓa shiga ma'ajin masallacin, ba a maye gurbinsu ba. Bai damu ba, don an saba.

Ya ce, "Masu waya, ku za ku cike mana giɓin. Wa ke da shi a wayarsa?"

Na ɗaga hannu. Ba wanda ya nuna ni, ni na ɗaga. Ya faɗa mini izun da zan ɗauka, na ce to.

Na gyara zama, na yi bismilla, na buɗe wayar. A saman gilashin sai ga saƙo: sabon babi ya fito.

Zan faɗi abin da na gaya wa kaina, don wanda bai san ciwon ba ya san yadda yake shiga. Ban ce zan bar izu in karanta labari ba. Cewa na yi in leƙa layin farko kawai, in ga ko motar ta isa, hankalina ya kwanta, sannan in yi karatuna da natsuwa. Layin farko bai faɗa ba. Na biyu ma haka. Kewaye da ni murya ta tashi kamar ta ƙudan zuma, kowa ya sunkuyar da kai a kan nasa, ni ma kaina a sunkuye, leɓena yana motsi, don ni ko labari nake karantawa leɓena motsi yake yi. Ba mai iya bambanta ni da na kusa da ni.

Motar ta isa. Ƙanen ya sauka ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane suna wanke ƙafa daga maƙabarta. Bai tambayi kowa komai ba. Ya shiga zaure, sai ya ga takalman wansa a bakin ƙofar ɗaki, an jera su kamar mai su zai fito. Na ɗago kai daga nan, idona ya faɗa ta ƙofar gida a kan kaskon Mma, an kife shi a jikin bango, matsamin a kansa. Abin da ya ƙi zuwa a maƙabarta sai ya zo. Na yi kuka har kafaɗuna suna rawa, hawaye yana ɗiga a kan gilashin wayar ina gogewa da babban yatsa ina ci gaba.

Ban farga ba sai da muryoyi suka fara raguwa. Afa yana bin layi yana karɓar littattafan, yana tambayar masu waya ɗaya bayan ɗaya.

"Mai faci, kai fa?"

Da na ce saura kaɗan, da an jira ni. Da na ce ban fara ba, da an raba izun wa mutum uku an gama kafin a kawo waina. Da an yi mini kallon banza, shi ke nan. Amma fuskata jiƙe take, mutane suna dubana da tausayi, abokina yana cikinsu.

Na ce, "Na gama, Afa."

Ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya ce ga sauka cikakkiya, Allah ya kai haskenta kabarin baiwarsa. Na shafa tare da kowa. Aka raba waina da ruwan leda, na karɓa na ci.

Da taro ya watse abokina ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Na gan ka. Ni da ta haifa na kasa, kai ka yi mata. Ashe ba labarin ƙarya kaɗai ka iya ba." Na sunkuyar da kai, ya ɗauka kunya ce. Kunyar ce, amma ba wadda yake zato ba.

Matata ce ta fara kama ni, kuma da bakina. Da yamma tana tuƙa tuwo, ni ina zaune a kan kujerar tsakar gida, sai na ji kaina ina cewa, "Kin san bai same shi da rai ba?"

"Wa?"

"Ƙanen. Takalman kawai ya tarar."

Muciyar ta tsaya. "An saka babin?"

"An saka."

"Yaushe?"

"Da safe."

"Da safe kana gidan Mma." Ta ci gaba da tuƙi, ba ta dube ni ba. "Maigida, da wace wayar ka yi saukar? Ko biyu gare ka ban sani ba?"

Na ce mata ta yi abin da ke gabanta. Ta ce tana yi, tuwon ma ba zai ce ya dahu ba alhali bai dahu ba. Ba ta ƙara ba, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Amma daga ranar in na ɗauko labarin sai ta ce kanta yana ciwo.

Washegari bayan asuba na zauna na karanta izun daga farko har ƙarshe, a hankali, na roƙi Allah ya kai mata. Na sake karantawa kashegari. Na ce wa kaina an biya. Allah ya san niyya, lada ba ya makara, wa aka cuta? Kuma har yanzu ban ce wannan tunanin duka banza ne ba. Tsakanina da Mma ina jin mun daidaita. Da tana nan da ta ce in ƙarasa mata labarin takalman tukuna, sannan ta ja mini kunne.

Sai kuma na yi abin da masu zagina suke so. Na fita daga zauren masu karatu. Na tattara 'yan littattafaina na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado. Na ce na tuba, ba ni ba labari. Na zauna a rumfa hannu biyu ba komai, ina kallon titi. Ataya ba ta yi mini daɗi ba. Ruwan sama ya sauko wata rana da rana tsaka, irin wanda ke korar kowa daga titi ya bar ni da ƙarar kwano da littafi, abin da na fi so a duniya, na zauna kamar wanda aka ba ajiyar benci. Na yi wa wata mata tsawa don ta tambaye ni ko facin zai riƙe. Mai walda ya ce in je a duba ni.

A wannan zaman na gane abin da nake yi. Na samu wanda zan ɗora wa laifi ne, wanda ba shi da baki. Na kulle littattafai a kwali kamar su suka amsa wa Afa. Kuma horon da na yi wa kaina bai kai wa abokina komai ba. Yana can Vittin yana riƙe da abin da ba haka yake ba, ni ina nan ina ƙunci ina kiran abin tuba. Na jawo kwalin na buɗe. Na koma zauren. Wanda zai ce wannan taurin kai ne ya faɗa. Karatu bai taɓa sa na sha abin maye ba, bai sa na daki matata ba, bai sa na sa wa mutum tsohon tib na ce sabo ne ba. Ya zaunar da ni wuri ɗaya shekara da shekaru, ya nuna mini cikin mutanen da ba zan taɓa haɗuwa da su ba. In mutum ya bar salla saboda kasuwa, ba a cewa a rufe kasuwa. In kuwa ana maganar hawaye, ban yarda na ƙarya ba ne. Labarin ne ya buɗe ƙofar, amma abin da ya fito na Mma ne. Wannan ko a gaban wa zan faɗa.

Abin da ba zan iya karewa ba shi ne kalmomin nan da na faɗa wa Afa, da shirun da na yi lokacin da abokina ya riƙe hannuna.

Ana gab da addu'ar arba'in sai ga shi a rumfata, tayarsa lafiya lau. Ya ɗaure wani abu a bayan babur da zanen atamfa. Ya kwance, sai ga talabijin ɗin Mma, da tabon manja a jikin maɓallinta.

Ya ce, "An raba kayanta. Wannan ba wanda ya san darajarta sai kai. Ku ci gaba da ba 'yan Indiya shawara."

Na ce, "Masa, ka kai wa yaranka."

"Suna da wadda ta fi ta. Karɓi." Ya zauna a bencin, ya gyara dutsen da ƙafa kamar yadda ya saba. Yana kallon titi ya ce, "Ka san har yanzu in na rufe ido hanyar nan nake gani? Muna Kintampo, a tsakiyar hanya, aka ce an tafi da ita maƙabarta. Na ce wa direba ya taka, kamar akwai abin da zan tarar." Ya share fuska da tafin hannu. "Abin da ke kwantar mini da rai guda ne. Ban yi mata komai ba, amma an sauke mata, ba a bar ko harafi ba. In na tuna wannan sai in iya barci."

Na ɗauki wani tib da ba na kowa ba na tsoma a ruwa.

Ya ce, "Na gaya wa Afa, ran arba'in kai za ka raba izu. Na sayi sabon akwati cikakke, ba sauran maganar waya."

Ya tafi ya bar ni da talabijin a kan benci. Na kai ta gida, matata ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "A ina za a ajiye ta? Ni dai ba a ɗakina ba."

Na yi ta auna abin. In na faɗa, na ƙwace masa abin da yake barci da shi. In na yi shiru, zan tsaya a gaban mutane ina miƙa wa kowa izu kamar amintacce, shi kuma ya ci gaba da gode mini har mu tsufa. Na so in ce shirun tausayi ne. Amma na san bakina, kamar yadda Mma ta san shi. Ba barcinsa nake karewa ba, fuskata nake karewa. Kuma abin nasa ne. Uwarsa ce, saukarsa ce. In akwai giɓi, shi ke da ikon ya sani ya ga yadda zai yi da shi, ba ni da zan yanke masa cewa ba zai iya ɗauka ba.

Ran Juma'a bayan la'asar, lokacin da dā nake zuwa barandar Mma, na ɗaure talabijin ɗin a bayan babur da zanen da ta zo da shi, na nufi Vittin. Na same shi a ƙofar gida yana wanke babur ɗinsa. Ya ga abin da na ɗauko, ya ajiye soson.

"Ta lalace ne?"

"Lafiyarta lau. Zauna, masa, magana na zo da ita."

Bai zauna ba. Ni ma ban sauke talabijin ɗin ba. Na tsaya riƙe da kan babur, na ce:

"Ranar saukar Mma, izun da Afa ya ba ni ban karanta ba. Labari na buɗe a waya, na ce zan leƙa, ya tafi da ni har aka gama. Da aka tambaye ni na ce na gama, ƙarya na yi. Saukar da aka shafa ranar da giɓi a cikinta, kuma ni ne giɓin. Na karanta izun washegari, na sake karantawa, amma wannan tsakanina da Allah ne, bai wanke abin da na yi maka ba. Kukan da ka gani nata ne, wannan kaɗai nake roƙon ka yarda da shi, ko da yake a kan labarin ya fara. Ba zan ce maka na daina karatu ba, don ban daina ba, kuma ba na so in ƙara maka wata ƙaryar. Ka riƙe hannuna ka gode mini, na bari. Ka kawo mini kayanta, na karɓa. Ga ta nan na dawo da ita, in ka ga dama ka ba wani. In ka ce kada in zo ran arba'in, ba zan zo ba. In ka ce in tsaya gaban Afa da mutane in maimaita abin da na gaya maka, zan tsaya. Na cuce ka a kan abu ɗaya da ya rage maka na mahaifiyarka. Ɗan'uwana, ka yafe mini."